Kala huɗu sun ishe ka fara zanen fentin mai

Shekarar da na fara taɓa fentin mai, kuɗin da na yi wata uku ina tarawa na kwashe na sayo akwatin fenti mai kala ashirin da huɗu. Na dawo gida ina ji da kaina, na matse su kaf a kan faranti, suka jeru gwanin sha'awa kamar alawa a teburin mai tireda. Hoton da na sa a gaba na wani dattijo ne mai sayar da goro a bakin kasuwarmu, baƙi, dogo, kullum da rawani ɗan Kura a kansa. Kwana huɗu ina fama. Duk inda fuskar ta ƙi ba ni haɗin kai sai in lakato wata kala in ƙara: nan kore, can ruwan hoda, can wani shuɗi da ban ma san sunansa ba. A rana ta biyar fuskar Baba ta koma kalar ruwan kwata.

Na ɗauka na kai wa malamina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kala nawa ka zuba a goshin nan?" Na ce, "Wallahi Malam ban ƙirga ba." Ya ce, "To, kawo akwatin." Ya zaro guda huɗu ya miƙo mini, sauran ashirin ya jefa a durowa ya murɗa makulli. "Wata uku, ɗana. In ka dawo neman ta biyar, ka taho da dalili."

Huɗun nan su ne fari, baƙi, ja, da wata rawaya mai duhu kamar ƙasar bakin rafi, wadda masu shagon kayan zane ke kira yalo oka. Daga baya na san cewa masu zane na danganta wannan haɗi da Anders Zorn, mutumin ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1860 zuwa 1920, wanda ya zana shugabannin Amurka irin su Grover Cleveland da William Taft. Akwai hoton da ya zana kansa a 1896, yana riƙe da allon haɗa fenti, kuma kalolin nan huɗu ne a kai. Shi ma yakan yi amfani da wasu kaloli idan aiki ya buƙata, an ma sami shuɗi a cikin kayan da ya bari. Kuma abin ya girme shi nesa ba kusa ba, domin Pliny, marubucin Rum na ƙarni na farko, ya rubuta cewa manyan masu zanen Girka na da can da fari da rawaya da ja da baƙi suka yi aikinsu.

Dalilin da ya sa abin ke aiki mai sauƙi ne. Idan kalolinka huɗu ne, duk abin da ka haɗa ɗan gida ɗaya ne da na kusa da shi. Inuwar hanci da hasken goshi da bangon da ke bayan mutum, duk daga tukunya ɗaya suka fito, don haka ba sa faɗa da juna. Sannan ba ka da wurin gudu. Mai kala ashirin da huɗu idan ya ga zanensa ya ƙi, sai ya ɗora laifin a kan kala ya ƙaro wata. Mai kala huɗu dole ya tsaya ya duba ko wurin ya yi haske da yawa ne ko ya yi duhu, kuma mafi yawan lokaci can matsalar take.

Bari mu je shago. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin bututun fenti kada ya ruɗe ka, domin kamfanoni kan sa suna ɗaya a kan abubuwa daban-daban. Juya bayan bututun ka nemi ƙananan lambobin sinadarin da ke ciki. Farin da kake so shi ne titaniyam, lambarsa PW6. Yalo oka PY43 ne idan daga ƙasa aka haƙo shi, PY42 idan a masana'anta aka yi, kuma duk biyun suna aiki. Baƙin shi ne PBk9, wanda ake yi da ƙonannen ƙashi. Jan kuwa kadmiyam ne, PR108. Zorn da wani ja mai sinadarin makuri, wato zaiba, yake aiki, mai guba, shi ya sa yanzu kusan kowa ya koma kadmiyam. Idan ka ga kalmar "Hue" a bayan sunan kala, ma'anarta kwaikwayo ne: an haɗa wasu sinadarai masu araha don su yi kama da na ainihi. Ba haramun ba ne. Ni kaina da shi na koya, domin kadmiyam na gaske tsada gare shi, kuma kullum dala ta motsa shi ma sai ya motsa. Sai dai na kwaikwayon ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa kamar na ainihi, kuma idan ka sa masa fari yakan karkata zuwa ruwan hoda da sauri. Idan kuɗinka na bututu ɗaya mai kyau ne kawai, kashe shi a kan ja. Oka da baƙi ko na ɗalibai ka saya, irin su Winton ko Marie's, za su yi maka aiki. Fari kuma ka sayi babban bututu, shi ne ke fara ƙarewa. Farin zinki, PW4, ka bar musu abinsu, yana tsattsagewa idan ya tsufa.

Allon haɗa fenti ba sai ka saya ba. Nawa gilashin tsohuwar taga ne, na naɗe gefunansa da salatif don kada ya yanke ni, na shimfiɗa takarda mai ruwan toka a ƙarƙashi. Ruwan tokar nan da muhimmanci: a kan farin faranti kowace kala duhu take yi maka, sai ka riƙa ƙara fari ba gaira ba dalili. Idan fenti ya bushe a kan gilashi, reza kawai za ka sa ka kankare. Jera kalolin a gefe guda daga mai haske zuwa mai duhu, fari, oka, ja, baƙi, kuma kullum a wannan tsari, har hannunka ya riƙa zuwa da kansa ba sai ido ya raka shi ba.

Kafin ka zana ko da kofi ɗaya, ka ba da yini biyu ga aikin da kowa ke ƙi, wato allon gwaji. Samu yankin kanbas ko kwali mai kauri da aka yi wa shafen farko, ka raba shi gida-gida da salatif ɗin takarda, kowane gida kamar faɗin akwatin ashana. A layin sama ka sa haɗe-haɗen kala biyu-biyu ba tare da fari ba: oka da ja, oka da baƙi, ja da baƙi, kowanne sau biyu, sau ɗaya wannan ya rinjaya, sau ɗaya wancan. Sai ka sauko ƙasa mataki biyar, kana ƙara fari kaɗan-kaɗan har gidan ƙarshe ya kusa zama fari. Yi haɗin da wuƙar fenti, kana goge ta da tsumma bayan kowane gida. Buroshi na riƙe tsohuwar kala a gindinsa, ya gurɓata maka sabuwa.

A nan ne za ka sha mamaki. Oka da baƙi kore suke bayarwa, kore mai duhu irin na ganyen darbejiya da ƙura ta lulluɓe. Ja da baƙi na ba da kalar makuba, in ka sa fari ta koma shunayya mai sanyi-sanyi. Oka da ja ruwan goro ne. Baƙi da fari kuwa toka ce mai karkata zuwa shuɗi, kuma idan ka ajiye ta kusa da ruwan goro, ido zai rantse maka shuɗi ce. Wannan dabarar ita ce jarin mai kala huɗu: kala ba ta da hali ɗaya, maƙwabcinta ke sa ta bayyana yadda ta bayyana. Na taɓa zana sararin samaniya a bayan ganuwa da baƙi da fari zalla, wani abokina ya zo ya ce ashe Malam ya sakar mini shuɗin. Jar ƙasar ganuwar ce ta tura tokar ta zama shuɗi a idonsa.

Allon gwajin nan ka rataye shi inda kake aiki. Nawa na farko yana nan har yau, ƙura ta ci gefensa, amma ina komawa gare shi.

Yanzu fata, inda na fi daɗewa ina tuntuɓe. Galibin darussan da za ka gani an yi su ne kan fatar Turawa: fari mai yawa, oka, ɗigon ja. Idan ka bi wannan hanya a kan fuskar baƙin mutum ko wankan tarwaɗa, za ka fito da mutum kamar wanda ya kwana a gidan niƙa. Farin titaniyam yana sanyaya kala, yana kashe mata kaifi, ya sa ta yi furu-furu. Don haka ka fara daga tsakiya. Haɗa oka da ja da baƙi har ka sami ruwan ƙasan da ya yi daidai da kuncin mutumin a wurin da ba haske sosai ba inuwa sosai. Ka tara wannan haɗin da yawa a tsakiyar gilashi, shi ne uwa. Daga jikinsa za ka ja layi biyu. Layin da ke zuwa haske, ka fara haskaka shi da oka da ɗan ja, sai can wajen ƙarshe fari ya shigo. Layin da ke zuwa inuwa, ka duhunta shi da baƙi tare da ja, kada baƙi shi kaɗai, domin baƙi kaɗai a kan haɗin da ke da oka zai ja maka inuwar zuwa kore, mutum ya yi kamar mara lafiya.

Sai ƙyallin fata. Dubi goshin baƙin mutum a inuwar rumfa da rana tsaka. Wurin da ke ƙyalli ba ruwan ƙasa mai haske ba ne, hasken sama ne fata ta mayar, kuma sanyi gare shi, kamar toka mai shuɗi-shuɗi. To ga baƙi da farinka nan. Haɗa su, ka taɓa ɗan uwar haɗin a ciki don kada ya yi baƙunta, ka ɗora shi sau ɗaya a goshi, a karan hanci, a saman kunci, ka ɗauke hannu. Kada ka goga. Da na gane wannan, fuskokina suka daina kama da katako. Ƙarƙashin haɓa kuma, inda hasken da ya daki ƙasa ke dawowa, ɗumi gare shi, oka da ja ne ke aiki a wurin.

Abu biyu na taimakawa ƙwarai. Na ɗaya, kada ka fara a kan farin kanbas. Tsarma ɗan oka da ɗigon baƙi da tafentin, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ka shafe kanbas ɗin da tsumma, shafe mai sirara, ka bari ya sha iska. Na biyu, ka riƙa runtse ido rabi kana duban abin da kake zanawa. Ƙananan abubuwa sai su ɓace, manyan yankunan haske da duhu su rage. Idan kana shakka, ɗauki hoton zanen da waya ka mai da shi baƙi da fari. Idan ya tsaya da ƙafarsa a haka, kalolinka lafiya lau suke.

Game da mai da tafentin, ƙa'idar ɗaya ce: shafen ƙasa ya zama mara mai, na sama ya fi shi mai. Fentin mai ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha ya daskare a hankali, kuma mai yawan mai ya fi daɗewa. Idan ka ɗora mara mai a kan mai mai, na sama zai riga bushewa ya tsage. Kalolin nan huɗu kan ɗauki kamar kwana biyar kafin su daina kama yatsa, gwargwadon kauri da yanayi. Da hunturu ka jingina zanen fuskarsa na duban bango, da ɗan tazara, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kai ta zama kala ta biyar da ba ka gayyata ba. Na rasa zane guda a haka, wata iska ta dare ɗaya ta mai da shi kamar takardar gogar katako. Kananzir da da yawanmu ke wanke buroshi da shi, a tsaya a wankin kawai, kada ya shiga cikin fenti, kuma a bi da sabulu da ruwa. Kada ka gyara bakin buroshi da leɓe, kadmiyam guba ne. Tsumman da ya jiƙe da man linsid, man da ake haɗa fentin da shi, kuma kada ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe ko ka tsoma shi a gwangwanin ruwa. Ragowar fentin da ke kan gilashi, rufe shi da roba mai murfi tare da auduga mai ɗigon man kanumfari, zai kai maka kwanaki bai yi ɓawo ba.

To, yaushe ake ƙara kala? Kalolin Zorn na cikin ɗaki ne da fuskar mutum. Suna kuma son hunturunmu, lokacin da sama ta yi fari-fari, bishiyoyi suka yi toka, gari duk ya zama ruwan ƙasa. Amma ka fita da su gonar gero a watan Agusta ka gani. Koren damina kore ne shar, oka da baƙi ba za su taɓa kai ka can ba, kome ƙwarewarka. A nan sai ka yi musanya, ba tari ba. Cire baƙi ka sa shuɗin altramarin, PB29. Ka kawo rawaya mai haske, irin kadmiyam mai ruwan lemon tsami ko PY3 mai araha, ta zauna kusa da oka. Idan kana buƙatar duhu, altramarin da ruwan ƙasan da ake kira bont siyena, wanda ya samo suna daga garin Siena na Italiya, suna haɗuwa su ba da baƙin da ya fi na bututu rai, domin kana iya karkata shi zuwa ɗumi ko sanyi yadda ka so. Wasu masu zanen ma da wannan suke farawa: fari, altramarin, bont siyena, shi ke nan. Kala uku, kuma za su zana maka tsohon gari da lungunansa tsaf.

Kowane koren da ka haɗa don ciyawa, ka taɓa masa ɗan ja kafin ka ɗora. Kore tsantsa a kan kanbas kamar fentin ƙofar shago yake fitowa. Kuma ka yi hattara da shuɗin talo, PB15. Yana cikin kusan kowane akwatin ɗalibai, ga kyau ga araha, amma ƙarfinsa ya wuce misali, ɗigo ɗaya sai ya cinye rabin gilashi. Shi ne ya fi kowa hannu a ɓata fuskar Baba a karon farko. Wanda yake son ganin yadda ake riƙe shuɗi ya mallaki zane ba tare da ya yi ihu ba, ya nemi ayyukan Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Shuɗi da shunayya ne suka mamaye yawancin aikinsa, amma a ladabce suke.

Duk kalar da ka ƙara, ka koma ka yi mata layinta a allon gwaji, ita da kowace tsohuwa. A nan za ka gano, misali, cewa jan kadmiyam da altramarin ba sa ba da shunayya mai haske, sai wata mai dauɗa-dauɗa, saboda jan ya karkata zuwa ruwan goro. Idan hotonka na buƙatar shunayya ta gaske, kamar mayafin biki, ja mai sanyi kake nema, irin PV19. Gara ka san haka a kan kwali da ka san shi a kan fuskar mutumin da ya riga ya biya ka rabin kuɗi. Kuma sabuwar kalar kada ta tsaya a wuri ɗaya tak. Idan ka sa shuɗi a riga, ka bar ɗan burbushinsa a inuwar bango da ƙyallin goshi, don ya zama ɗan gida.

Ni dai ban cika wata ukun da Malam ya ɗibar mini ba. A mako na tara na sake zama gaban dattijon nan mai goro. Fuska ta fito, hannuwa suka fito, faifan goro ya fito, ja da fari, da ɗanyen ganyen da yake rufe su da shi. Rawanin ne ya gagara. Wanda ya san ɗan Kura ya san ba baƙi ba ne kuma ba shuɗi ba ne: an rina shi da baba, an buga masa shuni har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe, in rana ta taɓa shi sai ka ga wani ja-ja na yawo a kan duhun, kuma yana barin shuɗi a goshin mai shi. Na gwada baƙi da fari, ya fito kamar tsohon buhu. Na ƙara ja, ya koma makuba. Na naɗe zanen na tafi wurin Malam da allon gwajina, na nuna masa gida-gida cewa babu inda wannan kalar take. Ya duba allon, ya duba rawanin, ya buɗe durowa ya miƙo mini altramarin kaɗai, ya sake kullewa.

Shuɗin nan a da daga dutsen lazward na Afganistan ake niƙo shi, tsadarsa har takan wuce ta zinariya, sai a shekarun 1820 aka gano yadda za a yi shi a masana'anta a Faransa da Jamus. Ni kuwa a bututun ɗalibai na same shi, rabi ma ya bushe a wuya. Na haɗa shi da baƙi na shimfiɗa jikin rawanin, na bar shi sirara a cikin lanƙwasa. A kan tudun kowane naɗi na ja layi ɗaya na altramarin da ɗan ja da ɗigon fari, ban goga ba. Sannan na ɗauki ɗan abin da ya rage a bakin wuƙa na taɓa a goshinsa, daidai inda rawani ke zama, na kuma saka kaɗan a inuwar rumfa.

Da ya bushe na kai masa kasuwa. Ya goge hannu a riga, ya karɓa ya miƙar da shi nesa da ido, maƙwabtansa suka taru a bayansa. Ya ce, "Rawanin dai nawa ne, yaro, har shunin da ya bar mini a goshi. Amma goron nan ka rage mini shi, faifaina bai taɓa zama haka da hantsi ba." Na ce, "Baba, ai an yi ciniki ne." Ya yi dariya, ya zaɓo fari guda ya ba ni.